Yadda Ake Haɗa Guzuri Mai Arha Marar Nauyi Don Tafiyar Ƙafa Ta Kwanaki

Duk wanda ya taɓa goya jaka ya shiga daji ko ya hau tsauni na kwana uku ko huɗu ya san cewa kayan da ka ɗaga da hannu ɗaya a ɗaki ka ce ba su da nauyi, su ne suke cin kafaɗa bayan awa biyar ana tafiya. Tanti da bargo da tukunya nauyinsu ɗaya ne daga ranar fita har ranar dawowa, kuma rage shi yakan ci kuɗi masu yawa, don sai ka sayi masu tsada. Abinci kuwa a hannunka yake. Da ɗan lissafi kana iya raba nauyinsa biyu, ka ƙoshi fiye da dā, kuma ka kashe ƙasa da abin da ka saba kashewa.

Shagunan kayan hawan dutse suna sayar da abinci na musamman a leda, wanda aka dafa aka daskarar aka zuƙe ruwansa. Ka zuba tafasasshen ruwa, ka jira minti goma, ka ci. Yana da sauƙi, ba na musu, amma kuɗin leda ɗaya yakan isa ka haɗa abincin yini guda ko fiye da hannunka, kuma sau da yawa leda ɗayar ba ta ƙosar da wanda ya yini yana hawa. Kusan duk abin da kake buƙata yana nan a inda kake sayen kayan abincin gida. Abin da za ka ƙara kawai shi ne ƙaramin sikelin kicin mai auna giram, da takarda, da biro.

Mataki na farko: ƙirga cin abinci, kada ka ƙirga kwana

Mutane da yawa sukan ce tafiyar kwana biyar ce, sai su ɗauki abincin kwana biyar cif. A nan ake fara ɗaukar kayan banza. Idan za ka fita ranar Litinin da safe ka dawo ranar Juma'a da yamma, karin kumallon Litinin a gida za ka yi shi, abincin daren Juma'a ma ba a daji za ka ci ba. Saura ke nan karin kumallo 4, abincin rana 5, abincin dare 4. Zana layuka a takarda, kowace rana da layinta, ka rubuta a gefe nisan da za ka yi, da ko akwai hawa mai tsanani, da inda za ka sami ruwa, da inda za ka yada zango. Idan hanyar za ta ratsa wani ƙauye ko gari a tsakiya, yi alama a wurin, domin abincin da za ka iya saya a rana ta uku babu dalilin goya shi tun rana ta farko.

Sai ka ƙara abin kiyaye tsautsayi: abincin yini ɗaya wanda ba ya buƙatar wuta, a ledarsa daban, a ƙasan jaka. Ruwan sama yakan tsare mutum, ƙafa takan gurɗe, hanya takan ɓace. Wannan ledar ba a taɓa ta sai dole.

Mataki na biyu: san yawan ƙarfin da jikinka zai nema

Ana auna ƙarfin da abinci ke bai wa jiki da kalori. Babban mutum da ke zaman gida ko ofis yakan buƙaci kamar 2,000 zuwa 2,500 a rana. Wanda ya goya kaya yana tafiya yini guda yakan ƙona tsakanin 3,000 da 4,500, ya danganta da girman jikinsa, da nauyin jakar, da tsananin hawa, da sanyi. Sanyi musamman yana cin abinci, domin jiki yana ƙona shi don ya ɗumama kansa ko kana kwance.

A gajeriyar tafiya ta kwana biyu ko uku ba sai ka mayar da duk abin da ka ƙona ba. Jiki yana da ajiya, kuma da yawa daga cikinmu a ranar farko da ta biyu ma ba ma jin yunwa sosai, gajiya da zafi sukan danne ta. Daga kwana na huɗu ko na biyar ne yunwar gaske take tasowa, irin wadda take tashin mutum cikin dare. Saboda haka nakan sa kalori 2,800 zuwa 3,000 a ranakun farko, in ɗaga zuwa 3,500 a na baya. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, kuma wanda ya rage wa kansa abinci don jaka ta yi sauƙi zai ga ƙafarsa ce ta yi nauyi a maimakonta.

Mataki na uku, wanda shi ne ginshiƙin komai: raba kalori da giram

Nauyin abinci yawanci ruwa ne. Tumatir ɗanye giram 100 bai kai kalori 20 ba. Tuffa kamar 50, ɗanyen dankalin turawa kusan 80, dafaffiyar shinkafa kamar 130. Amma busasshiyar shinkafa giram 100 tana da kusan 360. Shinkafar ɗaya ce, bambancin ruwan da ta sha ne. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, kuma ruwa abu ne da za ka tarar a hanya. Me zai sa ka goyo shi daga gida a cikin abinci? Idan mutum ya ce da dafaffiyar shinkafa zai sami kalori 3,200, sai ya ɗauki kusan kilo biyu da rabi kowace rana. Da busasshen guzuri mai kyau giram 700 zuwa 800 sun isa.

Abu na biyu shi ne maiƙo. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masanin nan ɗan Amurka Wilbur Atwater ya fitar da lissafin da har yau ake amfani da shi a jikin ledojin abinci: giram ɗaya na sitaci ko sukari kalori 4 ne, na furotin ma 4, na mai kuwa 9. Wato mai ya ninka sauran fiye da sau biyu a nauyi ɗaya. Wannan ne ya sa matafiyan ƙasashen ƙanƙara suka dogara da busasshen nama da aka daka aka cuɗa da narkakken kitse, dabarar da suka koya daga 'yan asalin Arewacin Amurka. Irinsa Roald Amundsen ya yi guzuri da shi lokacin da ya isa ƙuryar kudancin duniya a 1911. Kai ba sai ka kai can ba, amma darasin ɗaya ne: ƙaramar gorar mai ita ce abu mafi daraja a cikin jakar abincinka.

Ga kimanin abin da giram 100 ke bayarwa, don ka riƙe a ka. Man girki, na zaitun ko wani, kusan 880. Busasshiyar kwakwa da aka goge ta haura 600. Niƙaƙƙiyar gyaɗa irin wadda ake shafa wa burodi kusan 590. Gyaɗa da riɗi kamar 570. Cakulan fiye da 500. Madarar gari mai cikakken mai kusan 500, wadda aka cire wa mai kuwa ta sauko wajen 360, don haka duba da kyau kafin ka saya. Taliya mai saurin dahuwa kamar 450, domin an soya ta da mai kafin a busar. Busasshen cuku mai tauri wajen 400. Sukari kusan 400. Ots (wani hatsi da ake damawa kamar kunu), da kuskus, da taliya, da adas (wani ƙaramin wake mai faɗi) duka tsakanin 350 da 380. Zabibi, wato busasshen inabi, kamar 300, dabino ya ɗan gaza haka.

Ƙa'idar da nake bi ita ce, duk guzurin idan aka haɗa shi ya ba da aƙalla kalori 4 a kowane giram, in ya kai 4 da rabi to madalla. Ka ɗauki kowace leda a shago ka duba bayanta, akwai inda aka rubuta ƙarfin da ke cikin giram 100. Idan ya gaza 350, sai in da wani dalili mai ƙarfi na ɗaukarsa. Wasu ledojin da kilojul suke rubutawa, wato kJ. Raba wannan adadin gida huɗu za ka sami abin da ya kusa da kalori.

Lissafin arha ma haka yake. Kada ka kwatanta farashin leda da leda, kwatanta abin da za ka biya kafin ka sami kalori 1,000 daga kowanne. Da ka yi wannan sau ɗaya za ka ga mai, da ots, da shinkafa, da taliya, da gyaɗa, da sukari su ne a sahun gaba, su kuwa 'yan sandunan ƙarin kuzari da ake tallata wa 'yan wasa suna can ƙarshe, alhali abin da ke cikinsu ots ne da sukari da gyaɗa da mai.

Gwangwani fa? Nauyi biyu ne: ruwan ciki da ƙarfen waje, kuma ƙarfen sai ka dawo da shi bayan ka cinye. Kifin gwangwani mai mai a ciki shi kaɗai nake ɗaga wa ƙafa, guda ɗaya, don daren farko, kuma man nasa a cikin abinci yake ƙarewa.

Mataki na huɗu: zaɓi abin da ke dahuwa da wuri

Wutar girki ma kaya ce. Abincin da ke buƙatar minti 40 a kan wuta ya jawo maka ƙarin gas ko kananzir, ko da shi kansa ba nauyi. Busasshen wake babban misali ne: arha, ƙarfi, amma sai an jiƙa shi dare guda an dafa awa ɗaya ko fiye. Bar shi a gida, ko ka bi da shi ta hanyar da zan faɗa a gaba. Abokan tafiya su ne kuskus, wanda tafasasshen ruwa kawai yake so da minti biyar a rufe, da ots, da garin dankalin turawa da ake damawa nan take, da siririyar taliya, da shinkafar da aka riga aka dafa aka busar, da jan adas, wato ƙananan waken nan masu faɗi da aka ɓare, wanda yake nuna cikin minti goma zuwa goma sha biyar.

Akwai dabarar da ke rage cin wuta ƙwarai. Da ruwa ya tafasa ka zuba abincin, bar shi minti ɗaya ya sake tafasa, sai ka kashe wuta, ka rufe tukunya, ka naɗe ta da rigar sanyi ko hula mai kauri, ka bar ta minti goma zuwa goma sha biyar. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar. Taliya da jan adas duk suna nuna haka, kuma ba abin da zai kama a gindin tukunya, wanda ya rage maka wanke-wanke.

A kan tsauni kuma ka tuna ruwa yana tafasa kafin ya kai zafin da ka saba. A gaɓar teku digiri 100 ne a ma'aunin Salshiyos, amma kusan kowace mita 300 da ka hau yana raguwa da digiri ɗaya, har a mita 3,000 ya koma wajen 90. Ruwa na ta ɓararraka amma shinkafa ta ƙi nuna. A irin wannan wuri kuskus da garin dankali sun fi komai.

Wasu matafiya sukan bar murhu gaba ɗaya. Suna zuba ots ko kuskus ko taliya mai saurin dahuwa a robar da ke rufuwa gam, su zuba ruwan sanyi mai tsabta, su jefa a jaka, bayan rabin awa ko awa ɗaya ya jiƙa ya yi laushi. A lokacin zafi wannan yana aiki, kuma ya sauke maka murhu da gas. Ni dai ina yin sa da rana kawai. Abinci mai zafi da daddare, bayan yini cikin iska ko ruwan sama, yana gyara zuciya yadda lissafin giram ba zai nuna ba. Gargaɗi ɗaya mai muhimmanci: abin da aka riga aka dafa ko aka turara kaɗai ake jiƙawa a ci haka. Ɗanyen wake, musamman jan wake mai siffar ƙoda, yana da wani sinadari mai sa amai da zawo wanda sai tafasa mai ƙarfi ta aƙalla minti goma take kashe shi.

Mataki na biyar: tsara yinin

Karin kumallo ya zama mai sauri. Ga nawa: ots giram 80, madarar gari 30, zabibi 20, busasshiyar kwakwa 15, sukari 10, da ɗan gishiri da kirfa. Giram 155 ke nan, kalori kamar 650, a leda ɗaya tun daga gida.

Da rana ba na zama in dafa komai. Zaman girki yana cin awa guda, kuma cika ciki da tsakar rana yana kashe jiki. Gara a riƙa ci kaɗan-kaɗan duk bayan awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Abin da nake sawa a aljihun jaka, inda hannu zai kai ba tare da na sauke ta ba: gyaɗa giram 80, dabino 60, biskit 60, niƙaƙƙiyar gyaɗa 40, cuku mai tauri 40. Giram 280, kalori kamar 1,300. Lura da cewa wannan ne kaso mafi girma na yinin. Ka kuma haɗa zaƙi da gishiri. Kuskuren da na yi a tafiyata ta farko shi ne na cika jaka da kayan zaƙi, zuwa rana ta uku ko ganinsu ba na son yi, jikina gishiri yake nema, na riƙa tafiya da yunwa ga abinci a bayana. Gumi yana fitar da gishiri, kuma wanda ke ta ɗirkar ruwa ba ya cin abu mai gishiri yana iya jin ciwon kai da jiri da kasala. Abincin da ba za ka iya haɗiya ba nauyi ne kawai, komai yawan kalorinsa.

Abincin dare gini ne mai hawa huɗu: sitaci, furotin, mai, ɗanɗano. Misali kuskus giram 120, busasshen dafaffen adas 40, man zaitun 30, busasshen kayan lambu da kayan ƙamshi 20. Giram 210, kalori kamar 900. Gobe ka sauya kuskus da taliya, adas da busasshen kifi ko nama, jibi garin dankali da madara da cuku. Gindin ɗaya ne, ɗanɗanon ne ke canzawa, kuma kayan ƙamshi kusan ba su da nauyi: garin tafarnuwa, garin albasa, barkono, citta, kori, garin tumatir, dunƙulen ɗanɗano. Giram goma na waɗannan shi ne ya raba abincin da kake ɗokin ci da wanda kake turawa dole.

Kafin kwanciya shayi da madara giram 20 da sukari 15, da cakulan 30. Giram 65, kalori fiye da 300, kuma a daren sanyi yana taimaka wa jiki ya riƙe ɗumi.

Jimilla giram 710, kalori kusan 3,200. Kwana biyar bai wuce kilo uku da rabi da 'yan kai ba, kuma kullum jakar tana raguwa.

Abincin daren farko yana da nasa hukunci. Tunda awoyi kaɗan za ka goya shi, ka iya ɗaukar burodi, da albasa, da 'ya'yan itace, da duk abin da ransa gajere ne. Ci mai nauyi da mai saurin lalacewa da farko, bar busassun su jira.

Mataki na shida: busar da naka a gida

A nan ne arha take haɗuwa da daɗi. Abin da ya hana ka ɗaukar wake da shinkafa, wato tsawon dahuwa, yana warwarewa idan ka dafa su a gida ka busar. Dafa wake ko adas har ya nuna sosai, tsane ruwan, baza shi siriri a faranti mai faɗi, ka sa a na'urar busar da abinci idan kana da ita, ko a oben a kan mafi ƙarancin zafi, da ƙofar a ɗan buɗe don tururi ya fita. Zafin da ake so wajen digiri 55 zuwa 60 ne, kuma yakan ɗauki awa shida zuwa goma. Ya bushe idan ya yi ƙarau, ya karye ko ya farfashe a hannu, babu sanyi ko danshi a tsakiyarsa. A daji ruwan zafi da minti goma sun mayar da shi yadda yake. Shinkafa ma haka, miyar tumatir ma haka: ka dafa ta ta yi kauri, ka shafa ta siriri a kan takardar gashi, ta bushe kamar fata, ka yayyage ta cikin leda. Karas, albasa, tattasai, kabeji, duk suna busuwa idan an yanka su ƙanana kuma daidai wa daida. Karas da makamantansa masu tauri ka fara tsoma su a tafasasshen ruwa minti biyu ko uku.

Abubuwa biyu ne ba a wasa da su. Na ɗaya, mai ba ya bushewa, yana nan yadda yake har ya yi ɗoyi ya ɓata sauran. Dafa abin da za ka busar da mai kaɗan ƙwarai ko babu, ka ɗauki man a gorarsa ka zuba lokacin ci. Na biyu, nama. Zaɓi marar kitse, ka dafa shi tukuna har cikinsa ya kai digiri 71, na kaza 74, sannan ka busar. Zafin busarwa kaɗai ba ya tabbatar da an kashe ƙwayoyin cuta. Idan ya bushe ya huce, ajiye shi a firji ko firiza har ranar tafiya. Kada kuma ka jiƙa ɗanyar tafarnuwa a cikin mai ka yi kwanaki da ita a jaka, domin wannan mahalli ne da wata ƙwayar cuta mai mugun dafi take so. Garin tafarnuwa ya wadatar.

Mataki na bakwai: kwashe daga kwali

Cire komai daga kwali da kwalba da gwangwaninsa. Auna kowane ci ɗaya a sikeli, ka zuba a leda mai zif, ka matse iskar, ka rubuta a jiki ranar da za a ci da yawan ruwan da yake sha. Sannan ka tara na kowace rana a leda guda. Amfanin wannan ya wuce rage nauyi: yana hana ka cinye rabon Alhamis ranar Talata, abin da yunwar hanya take sa mutum ya yi ba tare da ya lura ba. Mai ya shiga ƙaramar gorar roba mai murfin murɗawa, ka gwada ta a kife dare guda a gida, sannan ka sa ta cikin leda biyu. Man da ya zube a cikin bargo ba ya fita da sauƙi. Biskit da duk abin da ke farfashewa ka sa su cikin tukunya. A jaka kuma ledar abinci ta zauna a tsakiya, manne da bayanka, domin nan ne nauyi ya fi sauƙin ɗauka.

Mataki na takwas: gwada kafin ka fita

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kowane abincin dare da ka tsara, dafa shi sau ɗaya a gida da murhun tafiyar da tukunyar tafiyar da cokalin tafiyar. Za ka gane ko ruwan ya yi yawa, ko gishiri ya gaza, ko tukunyar ta yi ƙarami, ko cikinka bai karɓi man da ka ƙara ba. Wanda bai saba da maiƙo da yawa ba ya fara da cokali ɗaya ya riƙa ƙarawa, kada ya fara gwaji a kan dutse.

A wannan gwajin ne za ka san gas ɗin da kake buƙata. Auna tulun gas a sikeli, tafasa rabin lita na ruwa, ka sake aunawa. Bambancin shi ne abin da tafasa ɗaya ke ci. Ninka shi da yawan tafasar da za ka yi a tafiyar, ka ƙara kashi ɗaya cikin uku saboda iska da sanyin ruwan rafi. Ƙananan tulunan ana yin su ne a giram 100, da 230, da 450, kuma da wannan lissafin za ka san wanne ya ishe ka maimakon ka ɗauki babba don tsoro. Rufe tukunya kullum, kuma ka nemi bayan dutse ko ka tare iska da jakarka. Kada ka zagaye tulun gas da abin kare iska ruf, zafi yana iya taruwa har ya fashe. Kada kuma ka kunna murhu a cikin rufaffen tanti ko da ana ruwa: hayaƙin kabon monoksaid ba shi da wari ba shi da launi, kuma yana kisa. Idan jirgin sama za ka hau zuwa wurin tafiyar, ba a yarda da tulun gas a cikin kaya ba, sai ka saya a can. Wasu ƙasashe kuma, irin su Ostireliya da Niyu Zilan, suna da tsauraran dokoki kan shigo da nama da iri da 'ya'yan itace, don haka bincika kafin ka busar da tulin abincin da za a karɓe a filin jirgi.

Ruwa da zango

Tunda duk tsarin ya dogara ne da ruwan hanya, dole ka san inda yake da yadda za ka tsabtace shi. Tafasa ta minti ɗaya ta isa, a wurin da ya haura mita 2,000 kuwa a ba shi minti uku. Ruwan sha kuma matatar ruwa ta hannu ko ƙwayoyin tsabtace ruwa sun fi tafasawa arha ta fuskar gas. Idan akwai daren da za ka kwana nesa da ruwa, sa abincin da ba ya shan ruwa da yawa a wannan daren, ko ka dafa abincin dare da yamma a bakin rafi na ƙarshe, ka ci, ka ƙarasa tafiyar.

Dafa iya abin da za ka cinye. Dafaffiyar shinkafa da ta kwana a tukunya cikin ɗumi tana iya ɓata ciki ko da an sake ɗumama ta. Wanke tukunya nesa da rafi, kamar taku saba'in, kada ka zuba sauran abinci ko sabulu a ruwan da wasu za su sha a ƙasa. Duk ledar da ta shigo da kai ta fita da kai. Abinci kuma kada ya kwana a inda ka sa kai: ɓera yana huda tanti da jaka a dare ɗaya, tururuwa ma ba ta barci. Ɗaure shi a leda mai kauri ka rataye a reshe nesa da wurin kwana. A wuraren da ake da beya, wata babbar dabbar daji mai bin warin abinci, kamar gandun Yosemite a Amurka, doka ce sai an sa abinci a wata roba mai tauri ta musamman, wanda ke nufin girman guzurin ma sai ka lissafa shi, ba nauyinsa kaɗai ba. A nan kuskus da shinkafa da gyaɗa sun fi taliya mai lanƙwasa da biskit, don ba sa cin wuri.

Idan ka dawo gida, kafin ka zubar da komai, juye ledar abincin a kan tebur ka auna abin da ya rage, ban da ledar tsautsayi. Rubuta a takardar nan ta farko abin da ya dawo, da abin da ya ƙare da wuri, da abin da ka yi ta marmari a hanya ba ka da shi, da giram nawa na gas ya saura a tulu. Ni zabibi ne yake dawo mini kusan kullum, cuku da gyaɗa mai gishiri kuwa ba su taɓa kai ranar ƙarshe ba, don haka yanzu na rage zabibi zuwa na karin kumallo kawai, na ƙara giram 20 na gyaɗa a kowace rana daga ta uku zuwa sama.